Makirfon Situdiyo Na Biyu

A gidan rediyon da nake aiki a Garwa, in na'ura ta lalace, da baki ake faɗa wa injiniya a baranda. Ya ce "to", magana ta bi iska. Ran nan makirfo ya mutu ina tsakiyar hira da baƙo kai tsaye, kuma ni aka kira ofis. Na ce na faɗa tun makon jiya. Ina shaida? Babu.

Ƙanen wata abokiyar aikina ne ya kawo mana MantisBT. Masu rubuta manhaja aka yi wa ita, don bin sawun kurakuransu, amma ya ce mataccen makirfo ma ai kuskure ne. Muka kakkaɓe wata tsohuwar kwamfuta ta zama sabarmu, ya ɗora mata Apache da PHP da MySQL. Ga zafin Afrilu, wuta kuma ta ɗauke sau biyu. Da ya gama, ya sa na canza kalmar sirrin da take zuwa da ita, "root", ya goge foldar admin.

Yanzu kowace matsala na da lamba da ranar da aka kai ƙorafi. Kwana uku injiniya bai amsa gaisuwata ba. Lamba 1 makirfon nan ne. Lamba 2 shi ya shigar da kansa: hedifon ɗin da na zauna a kai.