Mikiyar Jamus a Adakar Kaka

Duk Bahaushen da ya tashi a Maiduguri ya san tambayar nan da 'yan uwanmu Barebari kan jefo mana cikin raha: "Afuno, yaushe kuka zo?" Na kusa shekara sittin ina amsawa da dariya, domin abin da na sani game da zuwan gidanmu Barno bai wuce cewa kakanmu Bakatsine ne, ya zauna a Hausari yana sayar da goro har Allah ya karɓi abinsa a 1974 ba. Ashe amsar tana kulle a adakarsa.

Ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, mun bar gidanmu na Gwange da kayan jikinmu kawai. Da ruwa ya janye muka koma kwashe laka, sai ga tsohuwar adakar Kaka, wadda mahaifinmu bai taɓa bari a buɗe ba, tsatsa ta cinye kwaɗon. A ƙasan ruɓaɓɓun riguna na tarar da ƙunshin fata kamar laya. Ciki akwai wata 'yar mikiya ta farin ƙarfe da kambi a kanta, da maɓallai uku, da takarda guda mai hatimi wadda ruwa ya riga ya cinye kusan rabinta. Nan take na tuna yadda tsohon kan daka mana tsawa da "Aktun!" in mun dame shi, yana cewa shi fa ya ci kakin Jaman. Mu kuwa mu ce tsufa ne.

Ɗana ya nuna hoton kayan ga wani dillalin tsofaffin kuɗi da takubba, washegari sai ga mutumin a ƙofar gida. Ya jujjuya mikiyar, ya ce, "Alhaji, wannan ai kayan Hitila ne, Turawa na so," ya kuma taya. Wallahi maganar ta tsaya mini a rai, na kwana ina tambayar kaina ko sojan Hitila ne ya haifi ubana. Wannan damuwar ce ta sa ni, ɗan tireda, na koma bin diddigin kayan sojan Jamus.

Abu na farko da na koya shi ne mikiyar Jamus kala-kala ce. Ta zamanin Hitila, wato 1933 zuwa 1945, ba ta da kambi, tana riƙe da lanƙwasasshiyar alamar nan ta 'yan Nazi a ƙafafunta. Mai kambi kuwa ta zamanin sarautar Kaisa ce, wadda ta rushe a 1918. Ke nan dillali ya yi kuskure, tamu ta girmi mulkin Hitila nesa ba kusa ba. Irinta ce baƙaƙen sojojin Jamus na Kamaru, rundunar da ake kira Schutztruppe, suke maƙalawa a gaban jar dararsu a kan kaki. Na biyu, ta gaske buga ta ake yi da inji, shi ya sa in ka juya bayanta za ka ga zanen ya lotsa ciki. Ta jabu galibi zuba ta ake yi, sai ka ga bayan a cike, da 'yan ƙuraje da alamar haɗi a gefe. Tamu bugaggiya ce.

To me ya kawo Jamus kusa da mu haka? Yaran yanzu da yawa ba su san cewa Dikwa, da ke kimanin kilomita 90 daga nan, ta taɓa zama ƙasar Jamus ba. Bayan Faransawa sun kashe Rabe a Kusuri a 1900, Turawa uku suka raba Barno, Dikwa ta faɗa hannun Jamus a 1902. A shekarar ne Shehu Garbai ya tsallako ɓangaren Ingila, Yerwa kuma ba a kafa ta ba sai 1907. Jamusawa sun ɗebi Hausawa da dama aikin soja. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Garwa ta faɗi a Yunin 1915, amma Kyaftin von Raben da sojojinsa suka maƙale a kan dutsen Mora tun 1914, ba su miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916. Su ne na ƙarshe a duk Kamaru. Dikwa ba ta zama Nijeriya sosai ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961.

Takardar ce ta fi ba ni wuya. Na kai wa wani dattijo da ya yi karatu a Jamus, shi ma sai da ya yi gumi, don tsohon rubutun hannu ne da Jamusawan yau ma ba kowa ke iya karantawa ba. A abin da ruwa ya rage mana ya tsinto sunan Kaka da lambarsa ta soja, da kalmar "Haussa", da "Dikoa", wato yadda suke rubuta Dikwa, da shekarar 1912. Da ya karanto sunan, sai da na share hawaye. Da na sayar tun ranar farko, da shi ke nan.

Kaka ba shi kaɗai ba ne. Ga Chari Maigumeri, ɗan Barno, wanda ya shiga sojan Jamus a 1913, Ingilishi suka kama shi a Garwa, ya koma nasu a 1917, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa, har aka sa wa barikin Lakwaja sunansa. Shi tarihi ya riƙe shi. Sauran dubbai kuwa, in ba a sami irin wannan 'yar takarda ba, sun bi iska.

Kada ku ɗauka alfahari nake yi. Sojan Jaman abin tsoro ne a lokacinsa, su ake turawa karɓar haraji da ƙona ƙauyukan da suka ƙi biyayya a duwatsun Mandara. Wataƙila shi ya sa mahaifinmu ya kulle adakar. Amma ni a ganina, wanda ya ɓoye tabon gidansu ya ɓoye asalinsa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Da dillali ya ji akwai takarda mai suna da shekara, sai ya dawo ya ninka tayinsa har sau uku, domin a wurin masu tara irin waɗannan kaya, lamba ba takarda ƙarfe ce kawai. A lokacin katangar gidanmu a ƙasa take, shagona kuma ruwa ya gama da shi. Ƙanena ya ce, "Yaya, mikiya za mu ci? Gado ne fa, ina da haƙƙi a ciki." Gaskiyarsa ne. Mun yi sati biyu ba ma gaisawa da kyau. Daga ƙarshe na sayar da babur ɗina na ba shi kasonsa a kan farashin dillali, da shaidu, kayan suka zama nawa. Har yau Keke Napep nake shiga zuwa kasuwa, ban kuma yi da-na-sani ba.

Shawarata gare ku 'yan uwa, ku buɗe adakun tsofaffinku tun ruwa ko gara ba su riga ku ba. In kun sami lamba ko maɓalli, kada a goge da toka da lemon tsami, dattin nan shaida ne. Takarda kuma kada a kai a manne ta da leda mai zafi, a ɗauki hotonta gaba da baya, a ajiye ta a busasshen wuri can sama. Sannan a tambayi tsofaffin gida tun suna da rai, abin da ni ban yi ba ke nan.

Kwanaki maƙwabcina ya sake tsokanata da tambayar tasu. Na ce masa, "Kakana yana Dikwa da bindiga tun Yerwa tana 'yar shekara biyar." Ya yi dariya ya ce to goro fa, a wane bariki ya koyo shi? Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yafe musu kurakuransu, amin.