Daren Da Ba Mu Yi Dariya Ba

Mu shida ne a cikin ƙungiyar tamu, in har ta cancanci a kira ta ƙungiya, domin ba ta da shugaba, ba ta da magatakarda, ba ta kuwa da ranar zama sai daren da aka ɗauke wuta. Da zarar ɗakunan kwanan ɗalibai sun yi duhu, sai mu ture littattafan nahawu da na nazarin waƙa gefe guda, mu hallara a ɗakin wanda ke da kyandir, mu fiddo waɗanda muke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Mutum ɗaya ya riƙa karantawa, saura suna saurare. Sharaɗi ɗaya ne tak, wato littafin ya kasance na aljanu, ko na ban tsoro, ko kuwa na mutanen da.

Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, a wancan lokaci muna jin nauyin a gan mu da irin waɗannan littattafai. Yawancin na Turancin a wurin 'yan gwanjo muke sayensu a bakin tasha, wani bangonsa ya yage, wani an zana masa ƙoƙon kan mutum yana murmushi. A ganinmu bai dace a ce ɗalibin adabi, wanda ake koya wa jigo da salo da warwarar jigo, ya ɓata darensa a kan labarin fatalwa ba. Amma abin da zuciya ke so, ai ba a yi mata dole.

Wanda ya fi daɗewa a hannunmu shi ne Dracula, na Bram Stoker, wanda aka fara bugawa a 1897. Marubucin bai ba da labarin da bakinsa ba, sai ya jera wasiƙu da abubuwan da mutanen cikin labarin suka rubuta a kundin ajiyar sirrinsu, ta yadda mai karatu kan gane haɗarin tun kafin su da ke cikinsa su gane. Babin da ya fi tayar mana da tsikar jiki shi ne na jirgin ruwan nan mai suna Demeter, wanda ya ɗauko akwatuna hamsin cike da ƙasa, ma'aikatansa suka yi ta ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har ya iso gaɓar Whitby ta Ingila ba mai rai a cikinsa, sai gawar shugaban jirgin ɗaure a jikin abin tuƙi. Da aka kai nan, sai gardama ta ɓarke a kan ko wannan halitta maye ne. Wasu suka ce maye ne mana, wasu suka ce a'a, maye kurwa yake kamawa, kuma maƙwabcinka ne da kuke gaisawa kullum, shi kuwa wannan matacce ne mai shan jini. Ba mu rabu ba sai da kyandir ya ƙare.

Wani maƙwabcinmu Bayarabe, da ya gaji da jin hayaniyarmu ta bango, shi ya kawo mana littafin D. O. Fagunwa na 1938, wanda Wole Soyinka ya mayar Turanci a 1968 da sunan Forest of a Thousand Daemons. Labarin wani maharbi ne, Akara-ogun, da abin da ya gamu da shi a kurmin iskoki. Mu kuma muka rama masa da Ganɗoki na Bello Kagara, muna fassara masa yadda jarumin ya tashi daga yaƙi da Turawa ya faɗa ƙasar aljanu. Ya ce ashe duk kanwar ja ce, kowa da dajinsa.

Mun sha tambayar kanmu abin da ke kai mutum mai hankali ya nemi abin da zai firgita shi, har ya biya kuɗi. Amsar da muka fi yarda da ita ita ce, tsoro ne wanda linzaminsa ke hannunmu. In ya yi yawa, sai a rufe littafi. Tun muna yara muka san irinsa, lokacin da kaka ke ba mu labarin Dodo muna maƙale da zanenta, muna roƙon ta daina, muna kuma roƙon ta ci gaba. Shi ya sa kowane zama namu da dariya yake ƙarewa. Wani ya ƙi fita kewaye shi kaɗai, a yi ta yi masa tsiya har kashegari.

To, ana nan sai wani dare muka rasa sabon littafi. Wanda ke kan tebur kawai shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Dukkanmu mun karanta shi tun a makarantar sakandare, mun haddace sunayen garuruwansa saboda jarrabawa, don haka ba wanda ya yi ɗokinsa. Muka ce a karanta dai, ai shi ma na mutanen da ne.

Karatun jarrabawa daban, saurare a cikin duhu daban. Babu aljani a nan, babu gawa mai tashi. Akwai Makau, wanda abokan zamansa a fada suka ƙulla wa sharri bayan an dawo daga farautar bayi, aka kore shi daga gari. Akwai yaro ƙarami da aka sace, ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har ya faɗa wurin Balarabe Abdulkarim, wanda ya ƙetare Sahara da shi. Sai kuma uwar. A aji ba mu taɓa tsayawa a kanta ba, domin sunan ɗanta ke kan bango, kuma shi ne ya zama babban malami. A wannan dare kuwa ita kaɗai muke gani, mace ɗiya, ta fito neman ɗanta, aka yaudare ta aka sayar, ta sha wuya a hannun iyayengiji har Tarabulus, ta ga ɗan nata bayan shekaru, ba ta daɗe ba ta cika. Mai karatun namu, wanda ya saba canza murya yana kwaikwayon dodanni, sai muka ji ya koma karantawa a hankali da muryarsa ta ainihi.

Da ya rufe littafin, ba wanda ya tanka. Can sai wanda ya fi kowa barkwanci a cikinmu ya ce, “'Yan'uwa, kakar mahaifina haka aka kawo ta.” Ya ce an kamo ta tana yarinya, tsagen fuskarta ba irin na garinsu ba ne, kuma har ta rasu ba ta iya faɗin sunan ƙauyensu ba, sai dai ta ce akwai dutse a bayansa da rafi a gabansa. Ya ce a gidansu ba a zancen. Shekara uku muna cin abinci a kwano ɗaya da shi, ba mu taɓa ji ba.

Daga baya ne muka bincika muka ga cewa dokar Turawan mulki ta 1901 'ya'yan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ta 'yanta, ba ta saki iyayensu kai tsaye ba, kuma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai a 1936. Ashe lokacin da Ɓalewa, malamin makaranta mai shekara ashirin da ɗoriya, ke rubuta wannan labari, waɗanda abin ya faru a kansu suna raye, suna cin kasuwa tare da masu karanta shi. Mu kuwa mun ɗauke shi tamkar Ruwan Bagaja, labarin wata duniya ta can.

Ba mu daina karanta na aljanu ba, har yau muna jin daɗinsu, kuma mun daina jin kunyar a gan mu da su. Amma a wancan dare, wajen ƙarfe ɗaya aka dawo da wuta, ƙwai ya haska ɗakin, fanka ta fara juyawa, kuma ba wanda ya yi shewar da aka saba yi. Abokin namu ya miƙa hannu ya ɗauki littafin, ya ce a ba shi aro zai kai wa mahaifinsa in an yi hutu. Mai littafin ya ce ya riƙe, ba sai ya dawo da shi ba.