Zauren da raƙumi zai shiga da kayansa

Ɗana na biyu yana aji na ƙarshe na firamare. A hutun da ya wuce ya samu salular kawunsa, ya nutse cikin Minecraft, wasan nan da wani kamfanin Suwidin ya ƙirƙira, wanda ake ginin komai a cikinsa da tubala masu kusurwa huɗu. Na yi niyyar ƙwace wayar. Kafin in ƙwace, sai ya ce in zo in ga gidanmu, ya gina shi.

Na duba. Zauren ya kai tubali tara a tsaye, ɗakin mahaifiyarsa kuwa sai ka ce filin idi. Na tambaye shi tsawon tubali ɗaya, ya ce bai sani ba. A ƙa'idar wasan, kowane tubali metir ɗaya ne ta kowane gefe, mutumin da ke yawo ciki bai cika tubali biyu ba, ƙofa kuma biyu ce a tsaye, ɗaya a faɗi. Ke nan yaron da ya iya juya metir zuwa santimetir a kan allo ba tare da kuskure ba ya yi mana zaure mai tsawon metir tara, kuma bai ga wani abin mamaki ba. Ni ne na koya masa wannan lissafin, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

Muka ari metir ɗin ɗinkin uwarsa, muka bi gida. Ɗakin da suke kwana shi da ƙannensa metir huɗu ne a kan uku. Ya rushe, ya sake gini. Nan ya ci karo da matsalar da na daɗe ina fama in fahimtar da ɗalibaina: kaurin bango a wasan metir guda ne, namu bai kai rabin haka ba. To, daga ciki zai auna ko daga waje? Ya yi gardama da kansa har magariba, ya zaɓi ciki, don a cewarsa can ake shimfiɗa tabarma. Rumbu ne ya gagare shi, tunda tubali mai kusurwa ba ya yin da'ira.

Da ya gama, ya shiga ɗakin da mutumin wasan, ya juya sau ɗaya, ya yi shiru. Can ya ce, "Baba, ashe ɗakinmu ƙarami ne." Ban sami amsa ba. Mahaifina da taku ya auna wannan ɗakin, kuma a lokacin ya ishe mu.

Da aka koma lakwal na tambayi ajina tsawon ɗakin da muke ciki. Wani ya ce metir uku, wata ta ce ɗari. Na sa suka rufe littafi, muka fita da igiya.

Shi kuwa bai rushe katafaren zauren farko ba. Yana nan gefen na gaskiyar, kuma na lura a cikinsa yake ajiye gadonsa.