Abin da Na Koya a Iyakar Dajin Engadin

A ƙarshen shekarun 1980, ina ƙaramin ma'aikacin gandun daji, aka tura ni kwas ƙasar Suwizaland. Rabona ya faɗa yankin Engadin, can gabashin ƙasar, cikin tsaunukan Alfs. Ilimin da na tafi da shi na ƙasar fari ne, inda itace ke tsayawa a inda ruwa ya tsaya. A can sai na tarar da wata iyakar dabam. Ruwa ga shi nan a wadace, amma in ka hau tsauni ka kai wajen mita 2,300 sama da teku, sai daji ya yanke, ya rage ciyawa da duwatsu. Duk mita 100 da ka ƙara hawa, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 0.6, har ka isa inda lokacin ɗumi bai isa itace ya yi sabon reshe ya ƙosa ba.

An haɗa ni da wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa a wannan daji. Baba nake ce masa, yadda muka saba a gida, kuma ya amsa sunan da murna. Shi ya kai ni dajin Tamangur, a ƙuryar kwarin S-charl, wanda ake lissafa shi a matsayin dunƙulallen dajin arbe mafi tudu a Turai. Arbe, wadda masana ke kira Pinus cembra, itaciya ce mai ganyen allura, biyar-biyar a kowane ƙulli. Tana jure sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, tana yin shekaru ɗaruruwa, kuma katakonta mai ƙamshi ne ake lulluɓe bangon ɗakunan zama da shi a ƙauyukan yankin. Na ga waɗanda tsawa ta tsaga, iska ta karya musu kai, rabin jikinsu ya bushe, amma sauran rabin kore shar.

Ni dai idona na sama, ina kallon manya. Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, sunkuya. Labarin dajin nan a ƙasa yake." Daga nan ya fara koya mini karatun da har yau nake cin moriyarsa. A cikin kwazazzabai, inda dusar ƙanƙara ke taruwa ta daɗe ba ta narke ba, akwai wani ɗan kurmi mai jan fure, Rhododendron ferrugineum, wanda bayan ganyensa ke da launin tsatsa. Ba ya iya kwana a fili cikin hunturu, sai an rufe shi da ƙanƙara, don haka ganinsa shaida ce cewa wurin yana binnewa wata da watanni. Gaba kaɗan, inda rufin bai kai haka kauri ba, sai 'yan tsirrai masu ƙananan 'ya'ya shuɗɗa da jajaye na dangin Vaccinium. A kan doron tudu kuwa, inda iska ke share ƙasa tas, sai Loiseleuria mai rarrafe, manne da ƙasa, tare da busasshiyar gansakuka fara. Cikin taku ashirin kana iya ratsa duka ukun, kuma kowanne yana gaya maka ko dashe zai rayu a nan ko zai mutu.

Mutuwar ma iri biyu ce. A doron tudu, ƙaramin itace yana mutuwa da ƙishi: ƙasa ta daskare, saiwa ba ta iya jan ruwa, rana da iska kuma suna tsotse ganyen da ya leƙo waje. A kwazazzabo kuma, fumfunar da ke rayuwa ƙarƙashin ƙanƙara ce ke cinye alluran kafin bazara. Itace yana samun wurin zama ne a tsakanin waɗannan biyun, gefen dutse, ko gindin tsohon kututture.

Manyan itatuwan su ma suna da tsarin gado a tsakaninsu. Laris, wato Larix decidua, ita ce mai fara zuwa inda ƙasa ta zaftare ko ƙanƙarar tsauni ta ja da baya ta bar tsakuwa. Tana son haske, kuma ta bambanta da 'yan uwanta domin da kaka allurarta kan koma rawaya ta zube. Zubar nan ce ke tara ƙasa a hankali, sai arbe, mai haƙuri da inuwa, ta tsiro a ƙarƙashinta, bayan ƙarnuka ta gaje wurin. A hanyoyin da ƙanƙara ke zaftarowa kowace shekara, babu mai tsayawa a miƙe. Nan sai Pinus mugo mai kwanciya, wadda rassanta ke lanƙwashewa nauyi ya wuce ta kansu, su sake tashi.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne labarin wani tsuntsu ɗan uwan hankaka, mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon fari, Nucifraga caryocatactes. Ƙwayar arbe tana da nauyi, ba ta da fiffiken da iska za ta ɗauka. Tsuntsun ne ke fasa kwanson, ya cika maƙoshinsa, ya je ya binne dubban ƙwayoyi a wurare dabam-dabam, tamkar manomi mai cika rumbu saboda rani. Yakan tono mafi yawansu, har ta cikin ƙanƙara. Ragowar da ya bari su ne dajin gobe, har sama da inda uwayen suka tsaya. Amma an daɗe ana ɗaukarsa ɓarawon iri, kuma a jihar Graubünden, inda Engadin yake, an biya ladan harbinsa har zuwa 1961. Baba ya yi zamanin, kuma duk sanda ya ba da labarin sai fuskarsa ta sauya.

Kafin in dawo an kai ni Stillberg, kusa da Dabos. Bayan hunturun 1951, da zaftarewar ƙanƙara ta kashe kusan mutum 100 a ƙasar, an dage wajen neman yadda za a mayar da daji kan gangaren da ke saman ƙauyuka. A 1975 aka dasa kimanin 92,000 na laris da arbe da mugo a wannan gangare, aka yi ta bin kowanne ana rubuta halinsa shekara bayan shekara. Laris ce ta fi rayuwa, sauran biyun kuwa akasarinsu sun mutu, musamman inda ƙanƙara ke jinkirin narkewa. Ba a ɓoye asarar ba, ita ce ma ilimin da aka samu. Daga baya na karanta binciken Christian Körner na Jami'ar Basel, wanda ya nuna cewa kusan ko'ina a duniya itace yana tsayawa ne inda matsakaicin zafin lokacin tsiro ya sauka wajen digiri 6 zuwa 7.

Da na koma aikin shingen itatuwa a bakin hamada, na riƙa tsayawa in ga inda sabara da kalgo da geza suka zaɓa wa kansu kafin a haƙa rami ko ɗaya. Na ƙara ganin girman awaki da shanun da ke cin 'ya'yan gawo su yaɗa irinsa a gonaki, da manoman Maraɗi da suka farfaɗo da itatuwa ta hanyar renon tohon kututture. Yanzu da na yi ritaya, matasan ma'aikata kan zo su gaya mini dubu nawa suka dasa bana. Ina sa musu albarka da zuciya ɗaya, sannan in roƙe su abu guda: su koma wurin bayan shekara biyar, su ƙirga masu rai, su rubuta abin da ke tsiro a gindin kowanne, su bar wa na bayansu littafin.