Abin Busa Na Cikin Aljihu

Abubuwan kiɗa da na busa iri iri ne a duniya, kuma galibinsu suna da iyayen gijinsu. Kakaki na sarki ne, ba a busa shi don talaka. Kalangu kuwa sai wanda ya gada, ko wanda ya yi shekaru yana bin makaɗa. Amma akwai wata 'yar ƙaramar aba da Turawa suka ƙera, ana kiranta harmonika, wadda ba ta tambayar asalin mutum ko muƙaminsa. Tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Na daɗe ina ajiye da ɗaya a aljihu, shi ya sa nake so in yi magana a kanta.

Irin wadda aka fi sani tana da ramuka 10 a jere. A cikin kowane rami akwai 'yan harsuna biyu na tagulla, watau 20 ke nan duka. In ka hura, ɗaya ya kaɗa ya ba da murya. In ka zuƙo iska, ɗayan ya amsa. Sarewa da algaita sai an hura suke magana, ita kuwa shigar numfashi da fitarsa duk kiɗa ne. Saboda haka ko yaro ya ɗauka, da wuya ya fid da abin da kunne zai ƙi.

A ƙasar Jamus ta yi ƙarfi. A shekarar 1857 wani maƙerin agogo, Matthias Hohner, ya fara ƙera ta a garin Trossingen, ya riƙa aikawa da ita Amurka da yawa. A 1896 kamfaninsa ya fid da samfurin da ake kira Marine Band, wanda har yau ake yinsa. Da yake tana da araha, kuma ba ta da nauyi, sai ta zama abokiyar soja da matuƙin jirgin ruwa da ɗan ƙwadago.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda baƙaƙen fata na kudancin Amurka, masu aikin gonakin auduga, suka yi da ita. Jamusawa sun tsara ta ne don waƙoƙin rawarsu. Su kuwa waɗannan bayin Allah suka gane in mutum ya sāke zaman harshensa da maƙogwaronsa yana zuƙa, sai muryar ta lanƙwasa ta yi ƙasa, kamar kukan mai baƙin ciki. Da haka suka riƙa kwaikwayon jirgin ƙasa da haushin karnukan farauta. DeFord Bailey ya yi suna da busar jirgin ƙasa a rediyon Nashville tun kafin 1930, sa'an nan a 1952 Little Walter na Chicago ya haɗa ta da makirufo cikin tafinsa, faifansa mai suna Juke ya gama gari. Har sararin samaniya ta je, gama ran 16 ga Disamba 1965 Wally Schirra ya busa wata 'yar mitsitsiya mai ramuka 4 a cikin kumbon Gemini 6.

To, amma ba don waɗannan mashahuran nake yabonta ba. Ni nakan busa tawa ne da dare bayan an tashi daga aiki, ba mai ba ni ko anini, ba kuma wanda nake wa kirari. Kulawarta kaɗan ce: ka kurkure baki kafin ka busa, ka kakkaɓe ta a tafinka in ka gama, kada kuma ka ba da aronta.

Yanzu kowa na da waya cike da waƙoƙin gwanaye, har mun zama masu saurare kawai, muna jin kunyar ɗan abin da za mu iya da bakinmu. Wannan hasara ce, domin kiɗan da mutum ya yi wa kansa, ko da bai ƙware ba, yana sanyaya masa zuciya ta hanyar da na wani ba zai yi ba. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kai mai karatu, in ka ga harmonika a kanti, saya wa ɗanka, ka kuma yi haƙuri da hayaniyar makon farko.