Taswira da Kofunan Shayi

Har yau in na ji ƙamshin mazarƙwaila, sai zuciyata ta koma Indiya, ƙarshen shekarun 1980, muna ɗalibai a Delhi. Dare uku muka yi muna shirya tafiyar kwana biyu. Muka shimfiɗa taswira a ƙasa, muka danne gefunanta da kofunan shayi, abokinmu mabiyin addinin Hindu yana bin hanya da yatsa: Meerut, Muzaffarnagar, Roorkee, sai Haridwar, inda kogin Ganga ke baro duwatsu ya sauko fili. Kilomita 200 da ɗoriya ne, amma mun yi ta lissafin kuɗin mai kamar masu shirin ƙetare Sahara.

Mahaifiyarsa ta miƙo mana 'yar butar tagulla, ta ce, "'Ya'yana, ku ɗebo mini ruwan Ganga."

Da asuba muka shiga wata tsohuwar mota ƙirar Ambassador ta haya. Wajen Muzaffarnagar gonakin rake suka sa mu a tsakiya, hayaƙin masu dafa mazarƙwaila yana shigowa ta taga. Da azahar muka tsaya gindin mangwaro muka yi salla, abokinmu mabiyin Hindu kuwa yana tsaye yana gadin takalmanmu.

A Haridwar ba a sayar da nama. Wani Bakano cikinmu ya zagaye kasuwa yana shinshina ko zai ji ƙamshin tsire, ya dawo da soyayyen dankali, ya ce ba laifi, yaji ya ji. Da almuru muka zauna can baya a matakalar Har Ki Pauri da ke bakin kogin. Ƙararrawa na kaɗawa, mutane na sakin 'yan kwanonin ganye cike da furanni da wutar aci-bal-bal, ruwa na tafiya da su. Abokinmu ya cika butar, hannunsa na rawa don sanyin kogin, idonsa ya kawo ƙwalla. Ba wanda ya ce uffan.

Washegari a Rishikesh, kan gadar Lakshman Jhula mai lilo, biri ya fizge ayabar Bakanon, ya zauna yana ɓarewa a gabansa.

An rufe gadar a 2019. Yanzu waya ke nuna hanya cikin minti ɗaya, kuma alheri ne, sai dai babu sauran darare ukun nan na gardama. Taswirar tana nan cikin akwatina, ta yi laushi, da shaidar kofuna huɗu a gefunanta.