"Ai a kwamfutata yana aiki"

Duk wanda ya taɓa aikin haɗin gwiwa a sashen kimiyyar kwamfuta ya san wannan maganar. Mutum biyar za su raba aiki, kowa ya rubuta nasa a ɗaki, ranar da aka haɗa sai komai ya rushe, kowa kuma ya rantse nasa lafiya lau yake. Maganin wannan rigimar ni dai a wajen wasa na same shi, shi ya sa nake so in ba ku labari.

Mu 'yan kaɗan ne a Jami'ar Jos, wasu na kwana a Naraguta, wasu na haya wajen Farin Gada, muke da sabar wasan Luanti, wanda aka sani da Minetest kafin a canja masa suna a 2024. Kamar Minecraft yake, sai dai kyauta ne, ba ya wahalar da tsohuwar laftof, yana kuma hawa wayar Android. Daɗinsa shi ne mod, wato ƙarin da kake rubutawa da yaren Lua don ka sa abin da babu a wasan. Wani ya sa gonar dankalin Turawa, wani ya sa haƙar kuza, wani ya ce sai an yi kasuwa irin Taminus.

To matsalar ita ce mod ɗaya kan taka ƙafar wani. Biyu su yi wa abu ɗaya rajista da suna iri ɗaya, ko wani ya kira abin da ba a loda ba tukuna, sai saba ta ƙi tashi. Mafi ciwo shi ne a goge wani tubali daga mod alhali mutane sun gina gidaje da shi, gari ya waye ginin wata biyu ya koma tarkacen da wasan bai gane ba. Kuɗin hayar saba karo-karo muke yi daga kuɗin abinci, data kuma kun san tsadarta. In aka wuni ana neman mai laifi a zauren WhatsApp, wallahi har gaisuwa takan yi sanyi a wajen mai shayi.

Ga yadda muke yi yanzu. Duk mod ɗinmu na zaune a GitHub, babu mai ɗora komai kai tsaye kan saba. Da ka tura gyara, GitHub Actions zai buɗe sabuwar kwamfuta fil a can wajensu, wadda ba ta san laftof ɗin kowa ba. Da farko luacheck ya karanta rubutun, ya kamo sunan da aka rubuta ba daidai ba. Sannan a tayar da saba da dukkan mod ɗin tare, a jira a ga ko ta tsaya da ƙafarta. Bayan haka a loda kwafin duniyarmu ta jiya, a tabbatar kowane tubalin da aka yi gini da shi yana nan. Cikin 'yan mintuna sai ka ga alamar kore ko jan kuros. Kore kawai ke wucewa. In ma'ajiyar taku a buɗe take ga kowa, ba a biyan ko kwabo, kuma ko an ɗauke wuta a hostel aikin na ci gaba, tunda ba a injinka yake gudana ba.

Kada ku ɗauka shirmen yara ne. Mojang, masu Minecraft, da kansu suna da tsarin GameTest: ana gina ɗan ƙaramin fili a cikin wasan, a sa abu ya faru, inji ya duba ko sakamakon ya fito yadda ake so. Kamfanonin manhaja ma haka suke aiki, kuma in ka leƙa wurare irin nHub nan Jos neman horo, iya wannan abin zai fi yi maka magana a kan dogon jerin yarukan da ka ce ka iya.

Gwajin yana da iyaka fa. Inji ba zai gaya maka mod ɗinka ba daɗi ba, ba kuma zai ji yadda wasa ke sarƙewa in netwok ya yi rauni da daddare. Wannan sai mutane sun shiga sun buga. Abin da ya ɗauke mana shi ne zargi. Jan kuros ba ya duba wanda ya fi baki ko wanda ya girme mu, layin da ya karye kawai yake nunawa.

'Yan aji huɗu masu aikin kammala karatu, ku gwada ko da gwaji ɗaya ne: manhajar ta tashi a kwamfutar da ba taku ba. Gara ku ga ja yau a ɗaki da ku gan shi ranar kare aiki a gaban malamai. Mai son ganin yadda muka tsara namu ya yi magana a ƙasa, zan turo masa.